Abincin mai raino: maganar da nake sa a yi tun ranar farko

Sana'ata haɗa iyaye mata da masu raino ce a nan Garwa, arewacin Kamaru. Ɗan ƙaramin shago gare ni a unguwar Yelwa, tebur ɗaya da littafin rajista da waya. Yawancin masu nemana malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da matan ofisoshin gwamnati, inda ake shiga bakwai da rabi na safe a tashi uku da rabi. Mai raino takan iso kafin uwar ta fita, ta koma gida bayan la'asar, wata ma kwana uku kawai take zuwa a mako.

Albashi ba ya ba ni wahala. Tun da gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a 2023 daga tsohon sefa 36,270, kowa da lissafinsa yake zuwa, a yi ciniki, a rubuta, a biya ta Orange Money ko MoMo. Abin da ke raba mutane abinci ne, don babu mai son buɗe baki a kansa. Uwar gida tana kunyar a ce ta ƙirga wa mutum loma. Sai ta ce, "Ƙanwata, gida naki ne, ki ci abin da kika ga dama." Yarinya ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Bayan wata guda a kira ni: gwangwanin Nido da ke kai mako biyu ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, kifin Lagdo da aka soya don maigida ya ragu, ƙwai ya yi ƙafa. Kalmar da ke biyo baya sata ce, alhali izini aka bayar da baki.

Shi ya sa na daina tura kowa sai na zaunar da su biyun a gabana. Tun ran gini tun ran zane. Ina ce wa uwar gida, "Hajiya, wadda za ta wuni da goyo a baya cikin zafin Afirilu, ana neman digiri 45, dole ta ci ta ƙoshi." Kunun safe ko shayi da burodi, sannan abincin rana daga tukunyar da 'yan gida ke ci. In tuwon masakwa ne da miyar yakuwa, shi za ta ci. In shinkafa ce, shinkafa. Gidan da ke dafa wa mai raino tukunya dabam, ko ya ajiye mata ƙanzo, ba na sake tura masa kowa. Ruwan sanyi na firji kuwa ko tambaya ba na yarda a sa ta yi.

Ita kuma ina gaya mata a gaban uwar ɗakinta cewa madarar jariri da Cerelac da yogot ɗin yara ba nata ba ne, ko cokali ɗaya. Tsadarsu dalili ne, amma akwai wanda ya fi shi: uwa da gwangwani take auna cin ɗanta. In ya ƙare da wuri sai ta zaci yaron na ci sosai, sai an ɗora shi a sikelin asibiti gaskiya ta fito.

Wurin da na fi daɗewa ina bayani shi ne ɗan kwanon da ake tafiya da shi gida. Da yawansu sun bar nasu 'ya'yan wurin kaka suka zo rainon na wasu. Mace ta ga sauran miya za ta kwana, ga wuta ana ɗaukewa, ga nata yaran, zuciya za ta raya mata. Ba na ganin laifinta, amma ƙa'idata ita ce hannun uwar gida ne ke zubawa. Abin da aka miƙo miki rabonki ne, abin da kika ɗiba da kanki ya zama magana. Ɗanyen kaya kuwa, shinkafa da mai da magi da sukari, ba ya fita ƙofa sai in kyauta ce aka yi da baki.

Sai watan azumi. Garwa gari ne na kowa, cikin 'yan rajistata akwai Kiristoci da dama, Tupuri da Mundang da Gidar. Gidan Musulmi ba a ɗora tukunyar manya da rana, sai a manta akwai wadda ba ta azumi. Wadda ke azumin kuma tana tashi kafin a sha ruwa, ba ta ga ƙosai ba, ba ta ga kunun gyaɗa ba. Yanzu a takardar yarjejeniya na ƙara layi: ta farkon ta ci tare da yara ko a ba ta kuɗin abincin rana, ta biyun a ƙulla mata na buɗa-baki ta tafi da shi. Uwar gida da mai raino su sa hannu, ni ma in sa, kowa ta riƙe kwafi ɗaya.