Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ramin da na gani a sama

Jama'a salamu alaikum, kamar yadda na yi muku alkawari wancan satin yau zan faɗi abin da ya juya min kai zuwa karatun fizik, bayan kowa a gidanmu ya gama sa rai shagon atamfa na Baba zan gada.

Watan Afrilu ne na 2014, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, muna shirin bak, jarrabawar kammalawa. Wanda ya san Garwa ya san zafin Afrilu, ɗaki ba ya kwantuwa, ga kuran, wato wutar lantarki, an ɗauke kwana biyu, duk mun fito da tabarmi tsakar gida har da Kaka. Wajen ƙarfe huɗu na farka, gari duhu ƙirin babu ko fitila ɗaya a unguwa, na ɗaga kai sai na ga wannan farin zirin da ke ratsa sama kamar hayaƙin murhu, amma abin da ya tsaya min shi ne tsakiyarsa, wani baƙin tsagi dogo kamar an yaga zane. Kaka tana alwala na ce Kaka me ya sa wurin can babu taurari? Ta ɗaga kai ta duba ta ce ikon Allah ne jikana, tashi ka yi sallah. Na tashi, amma abin bai bar raina ba.

Da safe na tare malaminmu na fizik bayan darasi yana ƙoƙarin tada babur ɗinsa. Na ce Malam akwai rami a sama. Wallahi bai yi min dariya ba, ya kashe babur ya ce, ka tuna hazon Janairu, in ka tsaya a gadar Binuwai kana hango ɗaya tsallaken? Na ce a'a. Ya ce to tsallaken ya ɓace ne? Na yi shiru. Ya ce abin da ka gani ke nan, taurari suna nan fal a bayan wurin, ƙura ce ta tare haskensu.

Ƙura a sama! Ni da na ɗauka tsakanin tauraro da tauraro babu komai sai fili. Muka zauna ƙarƙashin dalbejiya ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce wurin cike yake da iskar gas, yawanci haidirojin sai hiliyom, ƙurar kuma kashi ɗaya ce kacal cikin ɗari, ƙanana ƙwarai kamar na hayaƙi. Gas ɗin ma siriri ne ainun, in ka ɗauki wuri santimita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, bai kai dunƙulen magi ba, atom ɗaya, wato ƙwayar zarra, za ka samu a matsakaici, alhali iskar da muke shaƙa a wuri irin wannan tana da ƙwayoyi biliyan sau biliyan har sau 25. Sai dai nisan ya yi yawa, kaɗan-kaɗan ɗin nan in ya taru a hanya sai ya zama labule.

Inda ya fi kama ni shi ne da ya zo kan abin da ke faruwa a cikin baƙin tsagin nan, wanda ashe gajimaren gas da ƙura ne. A fili hasken ultrabayolet na manyan taurari, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, yana farfasa duk wani sinadari da ya haɗu, amma cikin gajimaren ƙura ta yi inuwa, sanyi ya kai wajen digiri 263 ƙasa da sifili, ni kuma ina zaune gumi na zuba a digiri arba'in da wani abu. A kan bayan ƙwayar ƙurar nan atom biyu na haidirojin suke haɗuwa su manne, don a sarari da ƙyar su gamu balle su riƙe juna, kamar dai ƙurar ce kasuwar da suke haɗuwa. Daga nan abu ya yi ta ginuwa. Ya ce a 1968 aka gano amoniya a can, wadda da ita ake yin takin zamanin da ake zuba wa auduga a gonakinmu, a 1969 aka gano ruwa, zuwa lokacin kuwa sinadaran da aka gano sun haura 150. Kuma idan gajimaren ya yi nauyi ya dunƙule, a nan ake haifar sababbin taurari, har ranarmu a irin wurin ta fito. Wurin da na kira rami ashe ɗakin haihuwa ne, Allah mai iko.

Na ce to Malam wa ya je ya ɗebo? Ya ce babu wanda ya je, kowane sinadari yana da irin siginar rediyonsa, haidirojin tasa tsawonta santimita 21, wani ɗan Holan van de Hulst ya hango ta da lissafi a 1944 aka kama ta a Amurka a 1951. Kumbon Voyager 1 kuwa da aka harba tun 1977 sai a Agustan 2012 ya fita daga iyakar iskar da rana ke fesowa ya shiga wannan sararin na tsakanin taurari, shekara 35 yana tafiya kafin ya kai bakin ƙofa.

Har aka kaɗa ƙararrawa ban sani ba. Ya ciro wani tsohon littafi na Faransanci daga jakarsa bangon duk ya yage, ya ce ka dawo min da shi bayan bak.

Daren nan a shago muna naɗe atamfofi na ce Baba ina so in yi fizik a jami'a. Bai ɗago ba, ya gama ƙirga kuɗin ciniki ya ɗaure da roba, sannan ya ce wa zai riƙe min shagon? Na rasa amsa. Ya ce to bari mu ga bak ɗin tukuna.

Yadda sakamakon ya fito da rawar da Kaka ta taka a maganar, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.