Maganin Sakin Tsoka a Tiyatar Kyamara ga Yara

A tiyatar kyamara ana hura wa yaro iskar CO2 a ciki don likita ya sami wurin aiki. Ga jariri matsin iskar ba ya wuce 6 zuwa 8 mmHg, ga babban yaro 8 zuwa 12. Da wannan ɗan matsi, in tsokar ciki ba ta saki ba, fili ya ƙare, kuma tari ɗaya na iya sa ƙarfe ya taɓa hanji.

Rocuronium da atracurium magungunan sakin tsoka ne. Rocuronium ana farawa da 0.6 mg a kowane kilo na nauyin yaro, atracurium 0.5. Yaro mai kilo 10 zai sami 6 mg na rocuronium, wato 0.6 ml daga kwalba mai 10 mg a ml. Ƙanƙantar wannan adadi ce ke jawo kuskure, shi ya sa ake tsarma shi da ruwan gishiri a manna suna da ƙarfinsa a jikin sirinji. Daga nan ko a riƙa ƙara 0.15 mg a kilo, ko a ɗora famfon sirinji a kan 0.3 zuwa 0.6 mg a kilo cikin awa. A ganina famfo ya fi in aikin zai wuce awa guda, amma fa sai da na'urar TOF a wuyan hannu, wadda ke tsokanar jijiya da ɗan lantarki sau huɗu a jere, ana ƙirga motsin babban yatsa. Tantanin numfashi yana farfaɗowa kafin yatsa, don haka likitan tiyata na iya cewa ciki ya yi tauri alhali yatsa shiru.

Jariri yana daɗewa kafin rocuronium ya sake shi. Sanyin jiki, sevoflurane (iskar sa barci) da gentamicin (maganin ƙwayoyin cuta) duk suna ƙara tsawaita aikin maganin. Atracurium kuwa na firij ne, digiri 2 zuwa 8; inda wuta ke yawan ɗaukewa, zafi na rage masa ƙarfi ba tare da kamanninsa sun canza ba.

A ƙarshen aiki, don karya ƙarfin maganin, ana ba da neostigmine 0.05 mg a kilo tare da atropine 0.02, amma sai bayan motsi ya fara dawowa, ko sugammadex 2 mg a kilo ga rocuronium in motsi na biyu cikin huɗun ya bayyana. Ba a zare bututun numfashi sai TOF ta kai 0.9, wato ƙarfin motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin ɗari na motsin farko.

Abin da aka fi mantawa shi ne ragowar magani a cikin kanula (ƙaramin bututun da ake sawa a jijiyar jini) da igiyar ƙarin ruwa. Rabin ml da ya maƙale ya isa ya tsayar da numfashin jariri a ɗakin jinya, lokacin da ma'aikaciyar jinya ta tura wata allura ta wannan hanyar. A wanke kowace kanula da ruwan gishiri, a cire igiyar famfon, kafin yaro ya bar ɗakin tiyata.