Kan labarin da ba ni na rubuta ba

Yaran ofis sun ce tunda ƙarshen watan nan zan ajiye aikin jarida, in rubuta musu abin da na koya. Yadda ake tsare ɗan siyasa da tambaya ko tatsar labari daga bakin ɗan sanda, wannan kowa zai koya da ƙafarsa. Ni maganar 2003 zan yi, don har yau tana cina.

Wanda bai yi aiki a Kano a shekarar ba, da wuya ya gane yadda gari yake. A watan Maris Amurka ta afka wa Iraƙi. Kafin nan, tabon 1996 bai warke ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Don haka da Dakta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya fito ya ce ana zargin maganin rigakafin shan inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa, mutane ba wauta ce ta sa suka saurare shi ba. Suna da dalilin tsoro. Ga kuma tambayar da kowace uwa ke yi: me ya sa na shan inna ake biyo mu da shi har gida kyauta, amma na zazzaɓi sai mun saya? Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, Zamfara da Kaduna ma suka dakatar na wani lokaci.

Ni aka tura. Na ji ta bakin malamai, na ji ta bakin likitoci, na zauna da wata uwa da ke goye da yaron da ƙafarsa ta shanye. Na rubuta labarin yadda aka koya mini: ga zargi, ga mai zargin, ga amsar masu magani, ga abin da ba a tabbatar ba tukuna. Kan da na sa ya fara da "Ana zargin".

Washegari na tsaya wajen mai jarida a bakin titi, na ga sunana a shafin farko ƙarƙashin wani kai da ban sani ba. An cire "ana zargin". An cire likitocin, wai babu fili. Uwar nan da ɗanta ma an share su. Abin da ya rage ya zama sanarwa ce kawai, cewa an gano maganin hana haihuwa a cikin rigakafi.

Na shiga wajen editanmu jikina na rawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a gano ba, ana bincike ne." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, wa ka taɓa gani ya ciro kuɗi ya sayi 'ana zargin'? Jeka ka tambayi dillalai ko kwafi ɗaya ya dawo." Gaskiya ne, bai dawo ba. Ranar har ƙari aka buga. A masallatai aka riƙa ɗaga shafin, a majalisar shayi ana karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, kuma kan kawai ake karantawa.

Da ƙorafi ya zo daga sama, ni aka ba takardar neman ba'asi, tunda sunana ne a jiki. Editan ne ya sa mata hannu da kansa. Na nemi a fito da rubutun da na miƙa, aka ce ya ɓata a maɗaba'a. Daga nan aka mayar da ni shafin farashin kayan gwari, ina zaga 'Yankaba da Dawanau ina tambayar kuɗin kwandon tumatir da buhun gero. Ba na raina aikin, a nan na san 'yan kasuwa da yawa. Amma hukunci ne, kuma kowa a ofis ya san na wane ne laifin.

Abin da ya fi takardar ciwo shi ne yadda muka yi da ƙarshen labarin. A watan Yulin 2004 Kano ta dawo da rigakafi bayan an samo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, an kuma gamsu da shi. A watan Oktoba Shugaba Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamnan da hannunsa a bainar jama'a. Mu kuwa labarin dawowar a shafin ciki muka cusa shi, kusa da tallan canjin suna. Editan ya ce ba zafi a cikinsa.

Ba na cewa jaridarmu ce ta jawo abin da ya biyo baya. Mu ƙananan kifi ne, maganar ta fi ƙarfinmu, kuma da mu da babu mu za a yi ta. Sai dai mun zuba namu itacen. Yaran da cutar ta kama a Najeriya, daga kusan 200 a 2002, sun haura 1,000 a 2006. Ƙwayar ta tsallaka Nijar da Chadi da Sudan, ta kai Yaman, a 2005 ta ɓulla a Indonesiyar da ta ba mu maganin, bayan shekara goma ba su ga shan inna ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata masu neman ɗan abin sawa a baki. Sai da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, aka riƙa bi gida gida ana lallashi. Na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya an same su a Borno a 2016, sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Da rigakafin korona ya iso a 2021, jimlar nan ta hana haihuwa ce dai ta dawo, wannan karon ta WhatsApp da muryar wanda ba a san fuskarsa ba. Da mashaƙo ya kama yara a Kano a 2023, yawancinsu ba a taɓa yi musu allura ba. Iyayensu matasa ne, a 2003 wasunsu ko firamare ba su gama ba. Gadar maganar suka yi. Ba wanda ya gadar musu da labarin shafin ciki.

Sauran darussan gajeru ne. Ka ajiye kwafin duk abin da ka miƙa, da kwanan wata. Kada ka bar ofis sai ka ga kan da aka ɗora wa labarinka, ko da za a ce kana da naci. Idan zargi ya hau shafin farko, to sakamakon bincike ma can ne wurinsa, ka yi rigima a kan haka. Kuma kada ka raina tsoron mutane, je ka nemo tushensa ka rubuta shi. Tun daga lokacin babu labarin da ya fita da sunana ban ga kansa ba, shi ya sa wasunku ke kirana Baba Naci a bayan idona. Na sani.

Shi kuwa editan nan, yanzu shi ake ɗauka otal otal yana koyar da matasa yadda ake yaƙi da labaran ƙarya, har da kuɗin zama. An ce mini yana cikin waɗanda aka gayyata walimar sallamata. Zan tashi in gaishe shi, don ya girme ni.