Abin da Ɗigon Jini a Kan Takarda Ya Koya Mini

A Garwa, a arewacin Kamaru, na tashi, a Jami'ar Ngawundere na yi digirin farko, kuma tun daga lokacin aikina ɗaya ne: bin sawun ƙwayar zazzaɓin cizon sauro har cikin ƙwayoyin gadonta, don a gane da wuri idan ta fara ƙin jin magani.

Aikin daga yatsan yaro yake farawa. Ma'aikacin asibiti ya huda shi, ya ɗiga jini a kan wata takarda mai tsotsar ruwa, a shanya a inuwa, a sa a leda tare da ɗan ƙunshin da ke shanye danshi. A haka jinin zai yi tafiya daga ƙauye ba tare da firij ba. A ɗakin gwaji sai mu yanko ɗan tsito, mu dafa shi mu fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, mu sa a na'urar PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Na'urar ta yi ta ɗumamawa tana sanyayawa, kowane zagaye yana ninka abin da muke nema, har ya kai miliyoyi. Ranar da na fara ganin layukan DNA suna haske a kan jel ɗin da ake duba sakamako da shi, na daɗe a tsaye ina kallo, don jinin yaran garinmu ne.

Kulorokwin ne ya nuna wa duniya amfanin wannan sana'a. A 2000 David Fidock da Thomas Wellems da abokan aikinsu a Amurka suka gano cewa canji a gurbi na 76 na ƙwayar gadon pfcrt shi ke sa maganin ya daina ci. A 2014 kuma Frédéric Ariey da Didier Ménard na Cibiyar Pasteur suka gano alamar bijire wa atemisinin, wani maganin zazzaɓin cizon sauron, a ƙwayar gadon kelch13, a Kambodiya. Yau an ga irinta a Ruwanda da Yuganda. Mu a nan Kamaru abin da ya fi damunmu maganin damina ne, na rigakafin zazzaɓin, wanda tun 2016 ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa. Shi ya sa idonmu ke kan dhfr da dhps, ƙwayoyin gadon da ke nuna alamar bijire wa wannan magani.

Zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, ya koya mini tattali. In wuta ta ɗauke dare ɗaya, sinadarin da aka yi watanni ana jira daga Turai ya tashi a banza. Yanzu rarraba shi nake yi a ƙananan kwalabe, a firij fiye da ɗaya.

Darasi mai ɗaci shi ne na suna. Na sha tattara jini cikin laka da ruwan sama, a tura waje, maƙala ta fito sunana a can tsakiya, masu jinin kuwa ko labari ba su ji ba. Yanzu samfuri ba ya barin hannuna sai an rubuta wa zai yi nazari, wa zai ja ragamar rubutu, kuma wane ɗalibinmu za a koya wa aikin. Abin da Farfesa Charles Wondji ya gina a cibiyar CRID ta Yawunde, inda ake binciken yadda sauro ke bijire wa maganin feshi, ya isa shaida cewa ana iya yin babban bincike a gida.

A jami'a ana auna mu da yawan maƙalu da yawan masu ambaton su, kuma ba na raina wannan, da shi ake samun kuɗin bincike. Amma rahoto mai shafi biyu da na kai wa jami'an lafiya ya fi kowace maƙalata saurin aiki. Ɗalibaina kuma, kafin su kare kundinsu, sai sun koma unguwar da aka ɗebi jinin, a ƙofar gidan mai unguwa, su yi bayani da Hausa ko Fulatanci. A irin wannan zama wata dattijuwa ta tare ni: "Malam, to maganin damina mu ci gaba da bai wa jikokinmu?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna. Amma a cika kwana ukun nan, kada a tsaya a na farko."