Alhamdulillahi an sallamo Baba, ga godiyarmu

Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya nake son rubuta wannan amma 'yan dubiya ba su bar ni na zauna ba, sai yanzu bayan isha'i da gida ya ɗan yi shiru. Alhamdulillahi an sallamo Baba ranar Talata bayan kusan wata guda a gadon asibiti, yau ma da ƙafarsa ya taka har masallacin ƙofar gida ya yi la'asar, wlh da na hango shi a sahu sai da na koma zaure na share hawaye sannan na fito.

Masu ta tambayata a waya wai me ke damunsa ina ta kwana-kwana, ku yi haƙuri, shi ne ya hana a faɗa a lokacin. Yanzu kuma shi da bakinsa ya ce in faɗa ko wani zai amfana. Kansar mafitsara ce, ciwon daji.

Duk wanda ya san Baba ya san shi da ruwa, tun yana saurayi yake noman shinkafa a Kadawa nan wajen Kura, tun bayan da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya fara biyo kanal yake cikin taɓo har gwiwa rani da damina. Kuma a wajenmu wane yaro ne bai yi fitsarin jini ba? Ni kaina na yi, har dariya ake yi wa wanda bai yi ba wai bai zama namiji ba tukuna. To shi ya sa da jinin ya dawo masa da tsufa sai ya ce ai tsohuwar tsargiya ce ta motsa, aka shiga kemis, aka shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe, jinin ya ɗauke sati biyu mu ce an dace ya sake dawowa, haka muka ci fiye da shekara, ni da nake ganin na yi boko ma ban ce a tafi babban asibiti ba, wannan laifina ne kuma har yanzu yana ci na. Sai da wani dare gudan jini ya toshe hanya fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, dattijon da ban taɓa jin ya ce wash ba yana murƙususu a tabarma, sannan muka ɗauke shi sai Kano aka sa masa roba.

Likitan da ya zaunar da mu, Allah Ya saka masa da alheri, takarda ya ɗauko ya zana mana. Ya ce ƙwayar tsargiya a jikin dodon koɗi take girma cikin ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fatar mutum ta shiga, in ta girma ta riƙa zuba ƙwai a bangon mafitsara, ƙwan nan ne ke miki yana warkewa yana sake miki shekara da shekaru har wajen ya rikiɗe ya zama daji. Ya ce a ƙasashen Turawa sigari ce kan gaba wajen jawo wannan kansar, Baba kuwa ko goro sai da Sallah. Wai Masar ma sun sha fama da irin tamu, a can Alƙahira ne ma wani likita Bajamushe Bilharz ya gano tsutsar a 1851. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ya ce maganin tsargiyar shi ne Praziquantel, wannan farar ƙwayar da ake raba wa yara kyauta a firamare wasu iyaye suna hana 'ya'yansu sha.

An zura masa kyamara ta hanyar fitsari aka ga ƙarin, aka kankaro nama aka kai gwaji, sakamako ya nuna ya riga ya ci cikin tsoka, don haka sai dai a cire mafitsarar dungurungum. Suka yanko ɗan guntun hanji suka haɗa da hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, suka fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, nan ake manna jaka. Ranar da aka yi mana lissafin kuɗi Yaya tashi ya yi ya fita bai ce komai ba.

A nan ne Allah Ya kawo mana ɗauki ta inda ba mu zata ba. Ashe sashen asibitin da aka kwantar da Baba ya samu wani tallafin kuɗi da aka ware musamman don kula da masu wannan ciwo, wata nas ce ta jawo ni gefe ta ba ni fom. Ba komai ya ɗauke mana ba gaskiya, sai da muka sayar da sa ɗaya, Inna ma ta fitar da awakinta, amma tallafin ne ya biya kyamara da gwajin nama, shi ke ba mu jakunkunan nan da ake canjawa bayan 'yan kwanaki waɗanda ko da kuɗinka sai ka zaga gari ba ka samu ba, har kuɗin motar dawowa ganin likita. Kuma a cikinsa ne aka ware nas ɗaya aikinta kawai ta koya wa majinyata yadda za a wanke wajen a yanka bakin jakar daidai kada fitsari ya ci fata, ita ta ce kada mu tsorata in mun ga majina-majina a fitsarin ai hanji ne, a dai ba shi ruwa sosai. Jiya ma ta kira ta ji ya ya kwana. Mutanen da suka ba da kuɗin nan ban san fuskarsu ba, ban ma san ko suna jin Hausa ba, amma Inna ba ta idar da salla ba ta sa su a addu'a ba. Allah Ya sa su ci gaba don layin da muka baro a baya dogo ne, kuma yawancinsu manoma ne da masunta irin Baba.

Sai Malam limaminmu. Mutane ba su sani ba, Baba ya fi tsoron jakar nan a kan tiyatar kanta, cewa ya yi gara ya mutu da tsarkinsa da ya rayu yana ɗauke da najasa a gaban Allah, kwana uku muna lallashi ya ƙi sa hannu. Malam ya hau mota ya zo har gadonsa ya ce Alhaji hukuncinka hukuncin mai yoyon fitsari ne, lalura ce, ka yi alwalarka ka yi sallarka Allah Ya fi ka sanin halin da kake ciki. Washegari ya dangwala hannu. Malam, ba mu da bakin gode maka.

Samarin unguwa da suka cika Keke Napep biyu suka zo ba da jini, har da wanda ya ga allura ya nemi sumewa amma ya tsaya aka ɗiba, ba zan faɗi sunanka ba ka san kanka. Kawu da ya kula da gonar har aka yi yanka aka sussuke ba mu taka ba. Goggo da kunun safe kullum. Abokan aikina da suka riƙe min aji. 'Yan guruf ɗin WhatsApp na makarantarmu, na ga alat ɗinku ɗaya bayan ɗaya cikin dare. Masu shara da masu tura keken marasa lafiya, da maƙwabcin gadonmu wani bawan Allah daga wajen Hadeja da shi da Baba suke raba dare suna hirar irin shinkafa, shi Allah bai yi zai tashi ba, don Allah ku sa shi a addu'a. Wanda ban ambata ba ya yafe min, kai ne ya yi zafi. Allah Ya biya kowa da gidan Aljanna.

Za mu koma ganin likita nan da sati biyu, a nan za su faɗa mana ko sai an ƙara da kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Masu zuwa dubiya don Allah a bari sai bayan la'asar yana ɗan barci da rana. Sannan akwai kula uku da filas ɗaya ja da muka taho da su daga asibiti ba mu san masu su ba, Inna ta wanke ta ajiye, mai shi ya aiko yaro.