Idan Ajiyar Ko-ta-kwana Ta Ƙi Dawo da Fayiloli Daidai

Cikakkiyar ajiya tana kwashe komai. Ajiyar ƙari kuwa abin da ya canza tun ajiyar da ta gabata kaɗai take ɗauka. Idan aka yi cikakkiya ranar Lahadi, ƙari kuma kullum, kwamfuta ta mutu ranar Alhamis, sai an zuba ta Lahadi, sannan Litinin, Talata, Laraba, bi da bi. Matsala takan zo daga tsallake wannan jeri.

Ga mai amfani da GNU tar (manhajar da ke tattara fayiloli cikin ajiya) a Linux, a buɗe kowace ajiya da --listed-incremental=/dev/null, kuma dukansu a cikin sabuwar folda ɗaya da babu komai tun farko. Dalili? Wajen buɗe ajiyar ƙari, tar yakan goge fayilolin da babu su a ranar da aka ɗauki ajiyar, ko da sabon aiki ne. Idan ta Talata ta ɓace, na sauran ranakun za su buɗu, amma fayil ɗin da aka gyara ranar Talata kaɗai zai dawo da tsohon abin da ke ciki, ba tare da wani gargaɗi ba. A manhajar ajiya ta Veeam abin ya fi muni: fayil ɗin ajiyar ƙari (.vib) ɗaya ya ɓata, duk na bayansa sun tashi aiki, sai dai a koma ga cikakkiyar ajiya (.vbk) da fayilolin .vib da suka riga wanda ya ɓata.

Kafin a zargi manhaja, a duba girman fayil ɗin ajiyar. Filashin da ke kan tsarin adana fayiloli na FAT32 ba ya karɓar fayil mai 4GB, wuta ma idan ta ɗauke ana tsakiyar rubutu takan bar shi guntu. Idan da gzip aka matse ajiyar, umarnin gzip -t zai tona wannan.