Inuwar Kwalekwale

Da la'asar ɗin nan na tsaya a bakin Kogin Kaduna, kusa da wurin shaƙatawa na Gamji, ina kallon wani mai zane yana rige-rige da rana kafin haskenta ya bar kan ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ko kusa bai taɓa baƙin fenti ba. Da shuɗi ya yi inuwar kwalekwale, ya ɗiga ruwan ɗorawa a gefenta, sai ga kogin yana ƙyalli kamar zai motsa. Nan na tuna da Monet, Bafaranshen da ya zana majami'ar birnin Rouen fiye da sau 30 daga 1892, domin hasken hantsi daban yake da na almuru.

Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa lura cewa inuwa tana da launi ba.